Ƙara Ɗaya a Layin Baba

Litinin, 7 ga Yuli, bayan La'asar

Yau Hajiya Bilkisu maƙwabciyarmu ta kunyata ni, kuma ba da gangan ba. Na dawo daga makaranta, ko jaka ban ajiye ba, ta leƙo daga zaurensu ta ce, "Malama Rakiya, halan kin bar saida kati?" Na ce ina nan ina yi, lafiya? Ta ce, "Yo na ga Inna ta shigo mani sau huɗu satin nan, kullum da hantsi, in loda mata kati. Na ce to ko saɓani kuka samu."

Na yi dariyar yaƙe na ce ai kin san tsofaffi. Amma raina ya sosu. Ni da rabin malaman makarantarmu ke sayen kati da data a hannuna, a ce uwata ta tsallake ni ta tafi gidan maƙwabta. Kuma wa Inna take kira? Yayanta Kawu Babaji ne kawai, shi ma sai Juma'a, gaisuwar minti biyu.

Da Inna ta zagaya na zaro wayarta daga ƙarƙashin filo. Ba kyau, na sani, amma na zaro. Lambobi ne dogaye a jere, duk na ƙasashen waje. Kowace ta shigo ta katse, kowace Inna ta bi ta. Minti shida, minti tara, akwai wadda ta kai sha huɗu.

Wannan wasan na san shi. Ba mutum ne ke zaune yana danna lamba ba, na'ura suke saki ta yi ta buga layukan jama'a dubu-dubu, ta yi ƙara ɗaya ta katse. Kai kuma ka ga kiran waje, zuciyarka ta raya maka wani babban abu ne, ka bi. Lambar tasu irin mai tsadar nan ce, kowane minti yana wawurar katinka, su kuma suna da kasonsu a ciki. Aikinsu ɗaya ne, su riƙe ka a kan layi. Sau nawa na yi wa iyayen yara wannan bayanin a ƙofar makaranta? Ashe a ɗakin uwata ake yi.

Na san wanda take nema. Yaya Muttaka. Wata shida ke nan da ya bi ta Agadas ya shiga Libiya neman aikin walda, bayan karyewar da shagonsa ya yi. Babbar wayarsa ya sayar ya yi kuɗin mota, don haka a can aron waya yake yi wurin abokan aiki, yau wannan lamba gobe waccan. Ya yi filashin sau ɗaya, mu kira. Haka muka saba da shi tun yana gida, Yaya bai taɓa sanin hanyar mai kati ba. Lamba ɗaya ce a kansa duk duniya, tsohon layin Baba, Allah ya jiƙansa, wanda ke cikin 'yar wayar nan ta Inna. Rabonmu da muryarsa tun watan Afrilu.

Abin mai sauƙi ne. Gobe in zaunar da ita in yi mata bayani, shi ke nan. 'Yan aji uku ma suna gane karatuna, balle Inna.

Talata, 8 ga Yuli, bayan Magariba

Ashe 'yan aji uku sun fi sauƙi.

Na same ta tana tsinke zogale, na zauna kusa, na bi da lallami. Na ce, "Inna, waɗannan lambobin da kike bi ba Yaya ba ne. Ko ɗaya babu ta Libiya a ciki."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wa ya ce maki wani nike nema?"

"To mi kike nema a ƙasar da ko sunanta ba ki sani ba?"

"An kira ni. In an kira mutum ai sai ya maida. Babanku bai taɓa kwana da kiran wani a wayarshi ba."

Nan kam ta kama ni, don gaskiya ne. Lokacin Baba yana sana'ar hatsi a Babbar Kasuwa, mutanen ƙauye filashin kawai suke masa, shi ya kira, ko bai san lambar ba. A wurinsa girma ne. Wanda yake da hali shi ke bin kira, wanda ya ƙyale kuwa ya raina talaka. A haka muka tashi, duk unguwar nan ma haka. Ɓarayin nan ba su san mu ba, amma kamar don mu suka ƙirƙiro abin.

Sannan ga kunya. Yaya ɗan farinta ne. Shekarata talatin da ɗaya ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai "mutumin naki". Ko lokacin da ake samunsa, ni ke magana, in buɗe murya yadda za ta ji, ita kuma ta juya baya tana gyaran abin da bai lalace ba. In an gama ta ce, "Ce mashi an gode." Wannan kunyar ce ta kai ta gidan Hajiya Bilkisu. In ta ce in sa mata kati zan tambayi na mene ne, ita kuwa gara ta taka da ciwon gwiwa da ta amsa wannan tambayar.

Na ce to in kin kira mi kike ji?

"Iska. Sai wani ya ce alo, alo, can nesa. Sai tari."

"Ke kuma ki ce mi?"

"Ba ni cewa komi. Saurare nike."

Wannan ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Amma na daure na gaya mata magana ɗaya: lambar waje da ba ki sani ba, in ta yi ƙara ta katse, kada ki bi. Ta ce ta ji. Ta ci gaba da zogalenta.

Laraba, 9 ga Yuli, ƙarfe biyu da rabi

Ta sake. Minti takwas. Hajiya Bilkisu ta ce ita ba za ta iya hana babbar mace kati ba, kuma da gaskiyarta.

Alhamis, 10 ga Yuli

Ba abin rubutawa. Ba na son ranar nan.

Juma'a, 11 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Allah ya kawo mini hujja har kan tebur. Malam Nasiru mai koyar da lissafi yana ta mita a ofis, wai wata lambar waje ta tashe shi daga barcin rana jiya. Na ce mu gani. Wallahi ita ce, lamba ɗaya da wadda ta kira Inna jiya da Azahar, har bakwai-bakwai ɗin da ke ƙarshenta. Malam Nasiru kuwa duk danginsa ba wanda ya taɓa wuce Jibiya. Ya ce da ya ga ba ta ƙasar nan ba ce ko kallo na biyu bai yi mata ba. Na ce masa yau dai rowarka ta yi maka rana.

Na ɗauki hoton lambar. Yau magana ta ƙare.

Juma'a, bayan Magariba

Na jera mata wayoyin biyu, na bi lambobin ɗaya-ɗaya da yatsa. Ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Shi ma ƙila wani nashi ne ke cikin wahala bai sani ba."

Na haɗiye abin da ya zo bakina, don kada in zo ina istigfari. Amma ya shige ta, na gani. Rabin tuwonta ta bari.

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan Azahar

Ban san wa ya kai wa Kawu Babaji labari ba, amma a Ƙofar Marusa ba a rasa mai kaiwa. Ya zo a babur ɗinsa, aka yi gaisuwa, ya gida, ya damina, ya gwiwar, ya haƙuri, ya 'yan makaranta. Sai da ya sha ruwa sannan ya miƙa hannu.

"Hajara, miƙo wayar nan. A karya layin a huta, gobe in kai ki a yi maki sabo. In kuma ba ku so, akwai mai gyaran waya kusa da rumfata, ya ce yana iya toshe duk wani kiran waje gaba ɗaya."

Inna ta dunƙule wayar cikin zaninta. Ba za ta iya faɗin dalili a gaban yayanta ba, to ni na faɗa.

"Kawu, layin nan kaɗai Yaya Muttaka ya haddace. In an karya shi, ko an toshe waje, ta ina zai same mu?"

"Kusan wata ukku fa, Rakiya. Mu manya ne, mun ga irin wannan tafiyar. Wanda ya kai haka shiru, ai sai dai…"

Bai ƙarasa ba, don na miƙe tsaye. Abin da na gaya masa ba zan rubuta ba. Na dai bi shi har zaure na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ba komi, halin ubanki ne. Layi yana nan.

Da ya tafi na ɗauko guntun atamfa na ɗinka 'yar jaka mai igiya, na rataya wa Inna wayar a wuya, na ƙure ƙararta. Matsalar ai duk ta nan take: wayar tana ƙarƙashin filo, ita tana madafa, kafin ta taso da gwiwar nan ko kiran kirki ne ya katse. Na ce, "Inna, ɗaga kira ba ya cin ko sisi, bin kira ne ke ci. Ko daga ina aka kira ki ɗaga. In ta katse kafin ki ɗaga, ki bar mani ita." Kati kuwa na roƙi Hajiya Bilkisu ta ce ya ƙare. In Inna na son gaida Kawu ga tawa.

Ta shafa jakar ta ce ɗinkin ya karkace. Ba ta cire ba.

Talata, 15 ga Yuli, bayan La'asar

Kwana biyu ba a bi ko ɗaya ba. Kullum in na dawo sai in duba, duk lambar da ta yi ƙara ɗaya in toshe ta ita kaɗai, su kuma gobe su zo da sabuwa. Na kira kamfanin layin na karanta musu lambobin, suka ce sun rubuta. Mu zuba, ni da ɓarayin nan, a ga wanda zai gaji. Ba ni ba ce.

Alhamis, 17 ga Yuli

Lafiya lau. Na yi ta aiki har ranar ta wuce.

Asabar, 19 ga Yuli, da yamma, ana ruwa

Muna zaune a rumfa muna kallon tsakar gida tana cika, wayar ta yi kuka a ƙirjinta. Ta zabura har kwanon gyaɗa ya kife. Kafin ta zaro ta daga jaka ta katse. Ta riƙe ta da hannu biyu, babban yatsanta a kan koren maɓallin nan, ni kuma ina tsince gyaɗa kamar ban gani ba. Ba ta danna ba. Ta mayar da ita.

Can ta ce, "Rakiya."

"Na'am."

"Mutumin naki ai shi ma sau ɗaya yake yi."

Na san tambayar za ta zo, na kuma shirya mata. Na ce, "Da ne, Inna, lokacin da duk sati ake jin shi. Mutumin da ya yi wata ukku bai ji gida ba, in ya samu waya ba zai yi ƙara ɗaya ya aje ba. Zai bari ta yi ta kuka har a ɗaga. In ba a ɗaga ba ya sake, ko ya roƙi mai wayar ya turo saƙo. Mai nemanka da gaske ba ya gajiya a ƙara ɗaya."

Amsar ta yi kyau, ni kaina na ji daɗinta. Ta gyaɗa kai.

Sau uku ma ai ba sau ɗaya ba ne. Ban san me ya sa na rubuta wannan ba.

Talata, 22 ga Yuli, bayan Azahar

Daga asibiti muke. Jiya jiri ya ɗebe ta a bakin murhu, Allah ya sa ina kusa. Jininta ne ya hau. Likita ya tambaya ko akwai abin da ke firgita ta, ta ce babu, ni na ce akwai. Dabarar tawa ce ta jawo: na rataya mata abin da ke buga mata ƙirji sau biyar a yini. To, an gyara. Daga gobe wayar tana jakata in zan tafi makaranta, in na dawo in ba ta. Hannuna ya fi nata sauri, zuciyata kuma ta fi tata tauri.

Alhamis, 24 ga Yuli, ƙarfe sha ɗaya, a ofishin malamai

Wannan kam dole in rubuta shi.

Ina sa ido a jarrabawar 'yan aji biyar wayar ta yi ƙara ɗaya a jaka. Na duba don in toshe kamar kullum, sai na ga 218 a gaba. Libiya. Duk waɗanda suka zo makonnin nan ba mai wannan. Na san ba ƙasar da ba a samun irin lambobin nan, ni na koya wa mutane haka. Na ce wa Malam Nasiru ya riƙe mini ajin, na zagaya bayan ajujuwa gindin dogonyaro. Ba kati a wayar, ni na hana a sa. Na tura mata daga tawa, da hannuna. Na kira.

Ta daɗe tana ƙara. Sai iska. Sai namiji can nesa, alo, alo. Sai tari. Na ce, "Yaya? Yaya, ni ce." Alo, alo. Tari. A zagaye na uku na gane tarin iri ɗaya ne, wuri ɗaya yake zuwa, bayan alo na biyu. Naɗaɗɗiyar murya ce. Na gane sarai, kuma ban kashe ba. Na tsaya ina ba na'ura haƙuri, ina kuka, har katin ya ƙare ta yanke ni.

To bari in rubuta, tunda na riga na gaya wa ɓarayi.

Ranar Alhamis 24 ga Afrilu wayar nan a jakata take, don a lokacin ni ke yawo da ita, ni ke bin kiran Yaya. Satin da ya wuce kafin nan mun yi cacar baki kan wani abu da ya ce in yi masa. Na ce ba zan yi ba, na ce na gaji da goyon babban mutum. Ranar ya yi filashin ƙarfe tara. Na gani. Ya sake ƙarfe sha ɗaya. Ya sake da Azahar. Yaya bai taɓa yi sau biyu ba, balle uku. Na ce bari ya ɗanɗana, na mayar da ita jaka. Sai Asabar na huce na kira. Wani Balarabe ya ɗaga, ya yi ta magana da sauri, kalma ɗaya ban kama ba, ya kashe. Daga nan lambar ba ta sake shiga ba. Na goge komai, na kai wa Inna wayar na ce ta riƙe, ta cika mini jaka.

Dokata daidai ce, kada a bi lambar da ba a sani ba, har gobe zan koya wa mutane. Amma ta ranar ba baƙuwar lamba ba ce. Ta abokin aikinsa ce, ya kira da ita sau biyu a baya. Na san shi ne.

Alhamis, bayan Magariba

Na gaya mata. Duka, har da na yau.

Tana kan darduma tana jan carbi, na durƙusa a gefe na fara, ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe, don na san in na tsaya ba zan ci gaba ba. Carbin ya tsaya a hannunta.

"Sau ukku?"

"Sau ukku, Inna."

Ta miƙo hannu. Na ba ta wayar. Ta rataya a wuya, ta kwanta ta juya wa bango fuska. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 25 ga Yuli, da safe

Na gaishe ta, ta amsa. Shi ke nan.

Asabar, 26 ga Yuli

Haka. Sun kira sau biyu, ba wanda ya taɓa.

Lahadi, 27 ga Yuli, da hantsi

Ta kira ni in tsefe mata kai. Na zauna a kujera, ita a ƙasa tsakanin gwiwoyina, ba mai ganin fuskar wani. Na kai rabi ta yi magana.

"Ke kin ƙi kira sau ɗaya, ni na kira ya fi a ƙirga, daga ni har ke ba wadda ta same shi. Ki daina ramewa a gabana. Ba ni iya ɗaukar mutum biyu a rai."

Na ce, "Da na kira, ko ba komi da ya ji muryar gida."

"Wannan kam laifi ne, ba ni ce maki ba laifi ba ne. Sai ki roƙe shi in ya zo. Ja a hankali, kan mutum ne."

In ya zo, ta ce. Na ƙarasa tsifar, na wanke mata, na ci abinci har da ƙari.

Talata, 29 ga Yuli, bayan Magariba

Bari in bi a hankali kada in tsallake wani abu.

La'asar muke, ni da ita a rumfa. In za ta yi salla takan cire jakar ta ajiye a kan taga. Muna raka'a ta biyu wayar ta ɗauki kuka. Na jira ta katse. Ba ta katse ba. Ta yi ta yi har ta gaji don kanta. Muna ta uku ta sake, ta yi ta yi har ƙarshe. Allah ya yafe mini, ban san me na karanta ba.

Ina sallamewa na wawuro ta. Lambar waje, 227, Nijar. Ban san ta ba. Kira biyu, duk an bari ta yi har ta tsinke. Na jawo tawa zan tura kati, Inna ta ce, "Aje."

"Inna, wannan ba ƙara ɗaya ba ce."

"Kin san lambar?"

"A'a."

"To aje. Ba ke kika ce mai nema ba ya gajiya ba?"

Na ajiye ta a tsakaninmu kan darduma. Ita ta ɗauki carbi, ni na kafa wa agogon wayar ido. Minti biyar. Goma. Mai manja ta yi sallama, ba wanda ya amsa mata. Minti ashirin na ce Inna don Allah. Ta ce, "Rakiya, in su ne, sun ci mu ke nan har abada, duk dabarar da suka canza sai mu bi. In shi ne, zai sake." Muryarta ko rawa babu.

Minti talatin da huɗu ta yi kuka. Kafin ƙarar farko ta ƙare na ɗaga, na buɗe murya.

"Salamu alaikum. Gidan marigayi Alhaji Dabo?"

Siririyar murya, tana fita da iska kamar ta wanda ya rasa haƙoran gaba. Ƙirjina ya ce shi ne, amma ƙirjin nan ya yaudare ni ranar Alhamis, sai na daure. Na ce, "Wa ke magana? In kai ne, mi Baba ke kirana?"

Daga bayana Inna ta ce, "Bar shi. Shi ne."

Shi kuwa ya yi 'yar dariya ya ce, "Attarugu. Har yanzu ba ki canza ba."

Yana Agadas. Wayar wani direba ce, ya roƙa sau biyu ba a ɗaga ba, mai wayar ya tafi lodi da abarsa, sai da ya dawo ya sake roƙa. In hanya ta yi kyau jibi ko gata yana Maraɗi. Na ce ina ka shiga wata ukku? Ya ce, "Kar ki tambaye ni yanzu." Na ce, "Yaya, ranar nan da ka yi ta…" Ya ce, "Bari, katin mutane ne. Inna na kusa?"

Tana kusa. Ta juya baya tana ninke dardumar da ta riga ta ninke. Na miƙa wayar saitin kafaɗarta, ba ta karɓa ba, da ni ta yi magana.

"Ce mashi gida zai sauka kai tsaye. Kar ya tsaya gidan kowa don jin kunya. Maganar shago ta wuce."

Ban maimaita ba, ya ji. Ina jin numfashinsa, sai layin ya yanke.

Na ce, "Inna, in bi?"

Ta ce, "Yo wa kike jira?"

Na tura kati na bi. Direban ya ɗaga, mutumin kirki, Bazindire, ya miƙa wa Yaya. Na roƙe shi gafarar da Inna ta ce in roƙa. Ya ce sai ya zo ya ga idona tukuna, amma da dariya ya faɗa.

Laraba, 30 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Tun da aka sallame Asuba take ɗakinsa da tsintsiya, ta fito da katifa rana, da gwiwar nan tata. Na ce Inna ki kawo in yi. Ta ce in yi harkata, ɓeraye ne suka dame ta.